Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin coci-cocinmu na Arewa: bayan an kwashe kujerun makoki, wa ke komawa gidan?

Zuwa ga iyayenmu Fadoci da Fastoci, dattawan kwamitin coci, iyayena mata na Zumunta, da ƙannena matasa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya aikin Ubangiji, ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara muku lafiya da ƙarfi.

Na daɗe ina juya maganar nan a raina ina jan ƙafa, sabida an rene mu a kan cewa yaro baya tsallake manya ya yi magana a taro. Amma abun da idona ya gani ran Asabar ɗin da ta wuce ya hana ni barci, shine nace gara in rubuta kowa ya gani. Wanda ya ga na yi kaushi ya yafe mun don Allah, ba raini bane, ciwon abun ne.

Ran Asabar ɗin na je gidan wata 'yar'uwarmu ce da aka kashe mata miji a hanyar gona bara da damina. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi cocin ko garin ba, don in na faɗa sai a ce ai matsalar wancan cocin ce, alhali kusan duk inda mutum ya leƙa labarin ɗaya ne. Zan dawo kanta. Bari dai in fara da inda na ga an yi abun yadda ya kamata, don kar wani ya ce mun abun da nake roƙo baya yiwuwa.

A 2014 ni a Jimeta nake da zama. Duk wanda yake Adamawa a wannan shekarar ba sai an tuna mishi ba. A watan Agusta aka ce Gwoza ta faɗi a hannun 'yan Boko Haram, har shugabansu Shekau ya fito a bidiyo yana cewa ya kafa daula, kafin mu gama jin wannan sai Madagali, sai Gulak, farkon Satumba sai Michika da Bazza, ran 29 ga Oktoba kuma suka shiga Mubi suka sa mata suna Madinatul Islam, a ranar ne ma suka afka wa hedikwatar cocin EYN a Kwarhi. Da muka ji a Nuwamba an taɓa Hong da Gombi, gaskiya har mu na Yola mun fara ɗaure kaya, kowa na tambayar maƙwabcinsa in abun ya iso gada ina za mu nufa.

Mutane suka dinga kwararowa, wasu a bayan tifa, wasu a akori-kura, wasu mutum huɗu biyar a kan mashin ɗaya, da yawa kuma da ƙafa. Daga Mubi zuwa Yola kusan kilomita 200 ne, kuma wasu ba ta titi suka biyo ba, kan duwatsu suka hau suka tsallaka Kamaru suka kwana kwana a daji sannan suka zagayo. Gwamnati ta buɗe sansani a Damare da Malkohi da Fufore amma yawancin mutanen ba a can suka sauka ba, a gidajen mutane ne, wanda ke da ɗaki biyu sai ka samu mutum ashirin a gidansa. Wanda kuma bashi da kowa a gari, ina zai je? Da yawa dai coci suka nufa.

Babban cocin Katolika na St. Theresa da ke Jimeta ya buɗe ƙofa. Baba Bishop Stephen Dami Mamza, wanda shi kansa ɗan Bazza ne, garinsu na hannun 'yan bindiga a lokacin, bai tsaya jiran a kafa kwamiti a yi zama bakwai ba, aka bar mutane suka shigo, har suka kai dubbai a cikin harabar nan. Duk inda za a iya shimfiɗa tabarma an shimfiɗa. In ka shigo da asuba sai ka ɗaga ƙafa a hankali kar ka taka jariri.

Ni a madafa na yi nawa. Manyan tukwanen biki muka aro daga gidaje, aka kafa murhu da duwatsu, hayaƙin ɗanyen itace yana cin ido tun da duhu har dare, a tuƙa tuwon masara da muciya mai tsawon mutum, mace ɗaya bata iyawa sai an karɓe ta, miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ranar da aka samu shinkafa da wake kuwa ranar farin ciki ce ga yara. Kunu daban na masu jego da tsofaffin da haƙori ya ƙare. A kwanakin farko, kafin wata babbar ƙungiya ta iso da mota mai tambari, abun da ya riƙe mutanen nan mudu ne. Wannan ta kawo mudun masara, wancan ya kawo galan ɗin manja, wata ta kwaso zannuwanta na cikin akwati da take ajiya don Kirsimeti ta zube. Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa da kullum sai ta kawo ƙulli biyu a leda ta ajiye a gefen tukunya ta juya bata ce komai ba. Har yau in ana maganar masu bayarwa a coci ita nake gani a idona.

Wata baba ba zan manta da ita ba. Daga wani ƙauye ta wajen Michika ta fito, ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage har ba a iya sa mata silifas, muna gasa mata da ruwan zafi da gishiri. A wuyanta akwai makulli ɗaure da zare. Nace Baba kawo in ajiye miki kar ya ɓata a wajen wanka, ta damƙe shi da hannu biyu tace a'a 'yata, na kulle ɗakina kafin in fito, akwai dawata a ciki. Wata ƙanwarta ta ja ni gefe ta raɗa mun cewa an ƙone gidan tun ranar, ba a dai gaya mata bane. Ban sake maganar makullin ba.

Sai kuma abun da yafi tsaya mun, wanda shine ma dalilin da yasa nake kawo misalin Yola. Wata rana da yamma ina bakin get na ga wata mata da hijabi da yara uku tana tsaye a waje, ta matso ta koma, ta matso ta koma. Na je nace Mama shigo mana. Tace ita Musulma ce, ko ana karɓar irinsu? Yaron da ke rubuta sunaye a littafi ko kai bai ɗaga ba, yace sunanki, garinku, yara nawa. Shikenan tambayar. Da magariba ta yi ta zo tana tambayata a hankali ina ne gabas, na nuna mata, wata 'yar Zumunta, ƙungiyarmu ta matan coci, ta miƙa mata buta da ruwa, ta yi sallarta a gefe babu wanda ya kalle ta sau biyu. Wanda ya kore ta daga gida shi ya kori waccan baba mai makulli, to a kan me za mu tsaya tantancewa a bakin ƙofa?

Daga baya taimako ya ƙaru. Jami'ar Amurka ta Yola, AUN, da ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa da ta haɗa malaman Musulunci da limaman Kirista da 'yan kasuwa, sun yi ta rabon abinci a cikin wannan cocin, mata dubbai a layi, Imam Dauda Bello da Baba Bishop suna tsaye wuri ɗaya. Na gani da idona, gani kuwa ya kori ji.

To amma buɗe ƙofa a ranar tashin hankali, ko da yake babban abu ne, da yawa za su iya, don a ranar zuciyar kowa a narke take. Wahalar tana wata na shida, tana shekara ta uku, lokacin da 'yan jarida suka kwashe kyamara, masu kawo mudu suka gaji, aka fara ƙunƙuni ana cewa mutanen nan ba za su tafi bane? An ƙwato Mubi a Nuwamban 2014 da taimakon mafarauta da 'yan banga, aka ƙwato Michika a farkon 2015, mafi yawa suka koma suka tarar da toka suka fara daga farko. Amma waɗanda ƙauyukansu ke bakin Sambisa ba halin komawa. Ga tsoro a cikin Yola ɗin kanta, bam ya tashi a sansanin Malkohi a Satumban 2015, wani ya tashi a Jimeta a Nuwamba ya kashe sama da mutum 30, kowa ya san tara jama'a a harabar coci a irin wannan lokaci kasada ce. Duk da haka ba a kore su ba. Suka zauna shekara kusan bakwai. Yaran da aka haifa a kan tabarma a wurin har suka isa shiga firamare.

A Afrilun 2021 aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, wanda Dayosis ɗin Yola ya gina da taimakon ƙungiyar Missio ta Jamus, Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya halarci buɗewar. Aka sa musu makaranta da coci. Aka kuma gina masallaci, don a cikin iyalan da suka rage akwai Musulmi.

Masallacin nan ya jawo magana, ba zan ɓoye ba, na ji da kunnena a bakin 'yan'uwanmu masu bi. Wasu suna cewa ina aka taɓa jin Bishop ya gina masallaci, bayan an ƙone mana coci-coci ba adadi, bayan shekara ɗaya kacal da kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika. Na san ciwon da ke bayan wannan maganar, ni ma ina da waɗanda na rasa, ba zan ce wa kowa ciwonsa ƙarya bane. Amma ni a ganina daidai aka yi. Mutanen da kuka ci tuwo a kwano ɗaya shekara bakwai, ka ba su ɗaki ka ce wurin ibada kuma na wasu ne kawai? Sannan ku tuna Malam Abubakar Abdullahi, limamin Nghar a Barkin Ladi, da ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa a watan Yunin 2018 ya tsaya a bakin ƙofa da tsufansa ya hana a shiga. Da ya tsaya tambayar addini a ranar, gawa nawa za mu binne? Mun ji daɗi da aka yi mana, to mu ma in ta zo kanmu sai mu yi.

Na san abun da wani dattijon kwamiti zai ce, zai ce 'yata ai wannan babban coci ne, suna da Bishop, suna da Turawan Jamus, mu nan ko kuɗin man janareto da ƙyar muke haɗawa. Gaskiya ne Baba. Ban ce ku gina gida 86 ba. Amma Jamus bata zo a makon farko ba, mai daddawa ce ta zo. Kuma abun da yafi tsada a Yola ba bulo da kwano bane, rashin gajiya ne, wannan kuwa ba sai an aiko shi daga waje ba.

Yanzu bari in koma kan 'yar'uwarmu. Ranar da aka kawo gawar mijinta mun yi ƙoƙari, Allah ya sani. An kafa rumfa, an kawo kujerun coci, mawaƙa sun kwana suna waƙa, Zumunta mun fito da anko mun yi girki kwana uku, an yi baiko na musamman an ba ta a ambulan, an yi wa'azi mai ratsa jiki a kan cewa Allah shine uban marayu mai tsaya wa gwauraye, duk muka ce amin da ƙarfi. Da mako ya cika aka zo da Keke Napep aka kwashe kujeru. Daga ranar ƙafa ta ɗauke.

Da na shiga gidan ran Asabar tana tsugune a gaban kasko tana suyar awara, ta rame har na kusa kasa gane ta. Yara biyar. Babbar, wadda take aji biyu a sakandare lokacin da uban ke da rai, tana gefe tana jera awarar a bokiti za ta kai bakin tasha, ta bar makaranta tun zango na biyu. Na tambayi gona, tace ƙannen mijin sun karɓa, wai ƙasar gidansu ce ita kuma mace ce za ta iya yin wani aure ta kai wa bare. Mashin ɗin ma sun ɗauka. Ƙaramin yaron, wanda yake bayan uban a kan mashin ranar da abun ya faru ya tsira a cikin dawa, yana zaune a bakin ƙofa yana kallon ƙasa, na gaishe shi sau uku bai amsa ba, uwar tace haka yake yanzu, da dare kuma sai ya farka yana ihu ya jiƙa shimfiɗa, shekararsa tara.

Nace mata Maman yara me yasa bama ganinki a coci? Ta yi shiru tana juya awara. Can tace anko ɗin Zumunta da aka canza bata samu ta saya ba, kuɗin kati da ake biya a coci na wata takwas na kanta, ga kuɗin gini da aka yanka wa kowane gida, ranar ƙarshe da ta je aka karanto sunayen waɗanda basu biya ba a makirfo harda sunan marigayin, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Iyayena, sunan mutumin da mu da kanmu muka binne. Ba mugunta bace na sani, ba wanda ya zauna ya gyara littafin ne kawai, amma wannan rashin gyaran shi ya kore ta daga gidan Ubanta. A watan ne kuma muka ƙaddamar da gidauniyar sa tayil a coci, aka tara kuɗin da zai biya wa yaranta biyar makaranta har su gama.

Ba na cire kaina. Gidana da nata tafiyar minti goma sha biyar ce, na yi wata nawa ban taka ba, kullum ina cewa sai Asabar mai zuwa. Muna kiran kanmu Zumunta, Hausawa kuwa sun ce zumunta a ƙafa take. Na roƙe ta gafara a ranar, ina kuma roƙon Allah.

Abu na farko da nake roƙonku shine littafi. Irin littafin nan na yaron bakin get a Jimeta, littafin rubutu na 'yan makaranta ma ya isa. Kowane coci ya san yawan waɗanda basu biya kuɗin gini ba har da kwabo, amma ku tambayi sakatare gwauraye nawa ne a cikinmu, marayu nawa suka bar makaranta bana, tsofaffi nawa ne ke kwana su kaɗai, guragu da makafi nawa suka daina zuwa don ba mai kawo su, baƙi nawa suka gudo daga ƙauyuka suna raɓe a kangon gini a bayan cocin, sai a fara kallon juna. A rubuta su, a raba wa mutane da suna, wance ke ce da gidan wance, duk wata ki je ki zauna ki sha ruwan gidan ki dawo ki faɗa wa kwamiti abun da kika gani. Gaisuwar kwana uku kowa na yi. Ziyarar wata na uku da na tara ita nake nema.

Sannan maganar kuɗi, tunda ita ce ake jin nauyin faɗa. A ware baikon Lahadi ɗaya a wata, ko a wata biyu in cocin ƙarami ne, a ce wannan na marayu da gwauraye da masu gudun hijira ne, kar a taɓa shi don fenti ko tarbar baƙo ko gyaran mota, a kuma karanta lissafinsa a gaban jama'a yadda ake karanta na gini, don mutane suna bayarwa in sun san inda abun ke zuwa. A lokacin godiyar kaka, buhunan masara da dawa da ake kawowa gaban bagadi, ba dole a yi gwanjonsu duka ba, a ajiye wasu a sito don watan Yuli da Agusta lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba. Kuma don girman Allah, gidan da aka yi rashin mai ciyarwa a ɗauke musu kuɗin kati da na gini da anko, a yi shi a rubuce ya zama ƙa'ida, kar sai mace ta zo ta durƙusa tana bayanin talaucinta a gaban maza goma. Inda ake da ƙungiyar taimakon mabukata ta St. Vincent de Paul ko kwamitin jinƙai, a raya su, kar a bar wa tsofaffi uku da kwali a bakin ƙofa.

Iyayenmu Fadoci da Fastoci, maganar gado taku ce. Ni in na je gidan dangin miji za su ce ina ruwan mace, amma in kai Baba ka sa rigarka ka ɗauki Katikis, malamin koyar da addini na coci, da dattawa biyu kuka je kuka zauna, za su ji kunya. Yawancin masu ƙwace gonakin nan fa 'yan coci ne, suna zaune a layin gaba, suna karɓar Jibin Ubangiji. A faɗe shi daga kan bagadi ƙarara cewa cin gonar maraya zunubi ne, kar a tsaya kewaye-kewaye. In abun ya ƙi, a cikinmu akwai lauyoyi, akwai masu sanin hanyar mai unguwa da hakimi da kotu, a raka ta, kar a ce mata ki bar wa Allah alhali Allah ya ajiye mu a kusa da ita.

Akwai kuma ciwon da baya jini. A Jimeta na ga yaran da in salansar mashin ta yi ƙara sai su faɗa ƙarƙashin benci, na ga mata da suka daina magana, na ga magidanta da suka koma shan burkutu tun safe don su samu barci. Yaron nan mai shekara tara irin su ne. Mu kan yi saurin cewa aljanu ne ko rashin bangaskiya, a sa shi azumi a yi ta ihu a kansa. Addu'a kam dole, ni ma da ita nake tsaye. Amma wanda ya ga an kashe ubansa a gabansa yana buƙatar wanda zai zauna da shi a hankali, wani lokaci harda likita. Muna da nas-nas da malaman asibiti da malaman makaranta a kowane coci, a nemi masu horo su koya musu yadda ake sauraron irin waɗannan, a kuma daina gaya wa mace ki daina kuka kamar marar bege. Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru.

In an kai taimakon kuma a bar waya a aljihu. Na ga ana jera gwauraye a rana, kowace da mudun shinkafa a gabanta, a ce su ɗaga sama a ɗauka a sa a Facebook. Wata ta gaya mun ta gwammace ta kwana da yunwa da 'yan garinsu su ga hotonta haka. In dole sai an nuna wa masu bayarwa shaida, a ɗauki buhunan, a bar fuskokin.

Kar kuma littafin ya tsaya a kan 'yan ɗariƙarmu. Katolika, EYN, ECWA, COCIN, LCCN, Baptis, harsashi bai tambayi kowa katinsa ba. Maƙwabciya Musulma da aka kashe mata miji a wannan hanyar gonar, ita ma a rubuta ta, a je mata gaisuwa, a kai mata mudu. Kuma a zauna da shiri tun kafin ranar. Madalla basu san bam zai tashi a bakin cocinsu ran Kirsimetin 2011 ba, mutanen Owo basu san 'yan bindiga za su afka wa cocinsu ran 5 ga Yunin 2022 ba, mu ma a Jimeta babu wanda ya taɓa zaton zai ga Mubi a kan titi da ƙunshi a ka. Matasa ku ne nan, ku san rukunin jinin junanku ku rubuta, ku koyi yadda ake tsayar da jini da ɗaukar mai rauni, ku san wa ke da mota, wane ɗaki ne za a buɗe in baƙi sun iso da tsakar dare, makullin kuma a hannun wa yake. Abun da ya ci Doma baya barin Awe.

Ni dai na yi magana da mata huɗu a layinmu, mun haɗa abun da zai mayar da babbar yarinyar makaranta wannan zangon, saura yunifom da takalmi, na sauran yaran kuma bamu kai ba tukuna. Wata nas a cikinmu ta yarda za ta fara zuwa ganin ƙaramin duk Laraba da yamma. Maganar gonar ce ta fi ƙarfinmu, ita zan kawo gaban kwamiti a zaman Lahadi mai zuwa bayan sujada ta biyu, ina roƙon Baba Katikis da shugaban kwamiti su ba ni minti goma, su kuma zo da littafin kuɗin gini don a cire sunan marigayin kafin a sake karantawa.

Taku cikin Almasihu,
Wata 'yar Zumuntar Mata